Gida ba takarda: yadda talauci ya yi wa iyalan Roma katutu a tsakiyar Turai

Ranar 20 ga Yulin 1998 aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan tsaunukan gabashin Sulobakiya. Wani ɗan rafi da ake kira Malá Svinka ya cika ya batse, ya gangaro ƙauyen Jarovnice da ƙarfin tsiya. Kafin ruwan ya janye mutum kusan 50 sun rasu a yankin, akasarinsu daga unguwa ɗaya, kuma da yawansu ƙananan yara ne. Unguwar ta 'yan Roma ce. Bukkokinsu na katako da laka da kwano suna can cikin kwari, daf da bakin rafin, inda ruwa ya fi ɓarna.

Duk wanda ya san damina ya san ba a gini a hanyar ruwa. To me ya kai ɗaruruwan iyalai suka zauna a can, da tsofaffinsu da jariransu? Ba su da wani wurin ne. Ƙasar da ke kan tudu tana da masu ita, su kuwa ba su da ko taku ɗaya da sunansu. A ganina duk wanda yake son gane talaucin 'yan Roma, daga nan ya kamata ya faro, daga ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakinsu.

Da farko a warware wani ruɗani. Sunan Roma ba shi da alaƙa da birnin Rum na Italiya, kuma ba daga sunan ƙasar Romaniya ya fito ba. A harshensu "rom" na nufin namiji ko miji. Kakanninsu sun taso daga arewa maso yammacin Indiya kimanin shekara 1,000 da suka wuce, harshensu ma dangin Hindi ne, kuma zuwa ƙarni na 14 sun riga sun zauna a yankin Balkan. Yau ana ƙiyasta su miliyan 10 zuwa 12 a nahiyar Turai, kusan miliyan 6 a cikin Tarayyar Turai, babu wata ƙabila marar rinjaye da ta kai su yawa. Akwai Kiristoci a cikinsu, akwai Musulmi masu yawa a Bulgariya da Kosobo da Masedoniya ta Arewa. Mafi yawansu sun daɗe da zama wuri ɗaya, duk da har gobe ana kiransu 'yan yawo. Ainihin adadinsu ma yana ɓuya: a ƙidayar Romaniya ta 2021 mutum kusan 569,000 ne suka ce su 'yan Roma ne, alhali masu ƙiyasi na ganin sun ninka haka kusan sau uku. Wanda ya samu aiki ya fita daga unguwa yakan ja bakinsa ya yi shiru game da asalinsa, don ya san abin da sunan ke jawowa.

Hukumar kare muhimman haƙƙoƙi ta Tarayyar Turai, mai ofishi a Vienna, ita ce ke bi gida-gida tana tambaya. A bincikenta na 2016 ta gano kashi 80 cikin 100 na 'yan Roman da ta zanta da su suna ƙasa da layin talauci na ƙasashensu, alhali a sauran jama'ar Tarayyar kashi 17 ne. Da ta sake komawa a 2021, kashi 80 ɗin nan na nan daram. Yadda ake awon shi ne a jera mutanen ƙasa daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauki na tsakiyar layi. Duk gidan da abin da ke shigo masa bai kai kashi 60 cikin 100 na wancan ba, ya faɗa ƙasan layi. Wani zai ce ai talakan Turai mai kuɗi ne a wani wurin. Sai dai binciken na 2021 ya nuna kashi 22 cikin 100 ba su da famfo a cikin gida, kuma kashi 29 cikin 100 na yara suna gidajen da wani ya kwana da yunwa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabata saboda babu kuɗin abinci. Macen Roma tana mutuwa da wuri da kimanin shekara 11 a kan sauran matan ƙasarta, namiji kuma da kimanin shekara 9. Yunwa da ƙishirwa da gajeren kwana ba su da wani suna daban a Turai.

Rashin ƙasar nan tsohon ciwo ne. A masarautun Wallachia da Moldavia, waɗanda daga baya suka haɗu suka zama Romaniya, 'yan Roma bayi ne na kusan shekara 500. Akwai takarda ta 1385 da ke nuna sarkin Wallachia yana tabbatar wa wani gidan ibadar Kirista kyautar iyalai 40, kamar yadda ake kyautar garken shanu. Sai a 1855 da 1856 aka soke bautar. Doka ta tanadar wa iyayen giji diyya, su kuwa bayin an sake su hannu rabbana, kuma rabon gonakin da aka yi a 1864 ya tsallake akasarinsu. A yankunan da ke ƙarƙashin daular Habsburg ta Ostiriya ba a bautar da su haka ba, amma maƙera ne da makaɗa da masu yin tubali da 'yan ƙodago a gonakin wasu, ana barinsu su kafa bukka a bayan gari bisa alfarma. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Sulobakiya ta wancan zamani ta ba da umarni a 1941 cewa su tashe gidajensu daga bakin manyan hanyoyi su koma keɓaɓɓen wuri nesa da gari. Unguwanni da dama da ake gani yau a gindin daji ko bakin rafi, tun ran gini tun ran zane. A wannan yaƙin ne kuma 'yan Nazi da abokan tafiyarsu suka hallaka 'yan Roma tsakanin 220,000 zuwa 500,000, ciki har da dubban da aka kashe a dare ɗaya a sansanin Auschwitz ranar 2 ga Agustan 1944.

Mulkin gurguzu ya zo da zaƙi da ɗaci. An hana yawo da ƙarfin doka, a Tarayyar Sobiyet a 1956, a Cekosulobakiya a 1958. An yi wa mata da dama aikin hana haihuwa ba da saninsu ba, abin da sai a 2021 Jamhuriyar Cek ta yi dokar biyan diyya a kansa. Amma a wancan zamani kowa dole ya yi aiki, don haka magidantan Roma sun samu albashi a masana'antun ƙarfe da ma'adinai da gine-gine da gonakin gwamnati. Matsalar ita ce a matakin lebura aka tsayar da su, ba a ba su ilimin da zai ɗaga su ba. Da tsarin ya rushe a 1989, manyan masana'antu irin na ƙarfe da ke Ózd a arewacin Hangari suka durƙushe, su aka fara sallama. Sannan aka zo mayar da gonaki ga waɗanda suka mallake su kafin gwamnati ta karɓe. Adalci ne ga jikan manomi, amma jikan bawa da jikan maƙeri ba su da abin da za a mayar musu. Gonar gwamnatin da yake yi wa aiki ta tafi, kuma filin da ɗakinsa yake kai ya wayi gari da sabon mai shi. Karo na biyu ke nan ana rabon ƙasa a gabansu suna kallo.

Yanzu a bi abin da rashin takardar fili ke haifarwa, don a nan ne lamarin ya fi sarƙewa. Gidan da aka gina a filin da ba naka ba, a idon doka babu shi. Kamfanin ruwa ba zai ja masa bututu ba, ƙaramar hukuma ba za ta shimfiɗa kwalta ko magudana a wurin ba, banki ba zai karɓe shi jingina ba, kuma ranar da aka ga dama ana iya turo motar rusau. A Sulobakiya abin ya ƙara dagulewa saboda tsarin gado ya daddatsa gonaki, fili guda kan kasance na mutum gommai, wasu sun rasu, wasu ba a san inda suke ba, ko mai son saya ba ya samun wanda zai sa masa hannu. A Romaniya da Bulgariya katin shaidar ɗan ƙasa yana tafiya da adireshi. Wanda bai iya nuna halastaccen mazauni ba a Romaniya katin wucin gadi ake ba shi na shekara ɗaya, kuma da irin wannan kati neman aiki ko buɗe asusu ya zama wahala. Mutum an haife shi a gari, an haifi kakansa a garin, amma a takarda baƙo ne.

Abin da ya faru a birnin Cluj na Romaniya ya isa misali. Ranar 17 ga Disambar 2010, ana tsananin sanyi, hukumomin birnin suka tashi iyalai kimanin 76 daga titin Coastei da ke kusa da tsakiyar gari, aka kai su Pata Rât, gefen babban jujin birnin. Wasu an ba su ɗaki ɗaya-ɗaya, iyalai da dama na raba banɗaki guda, wasu ko ɗakin ba su samu ba. Mutanen nan da yawansu suna da aikin yi a cikin gari, 'ya'yansu na makarantun unguwa. Aka wayi gari motar haya ta yi musu nisa, kuma adireshinsu ya zama sunan juji. Duk mai ɗaukar aiki a Cluj ya san abin da Pata Rât ke nufi.

A leƙa cikin rayuwar wata guda ta irin wannan gida a gabashin Sulobakiya, inda ake kiran unguwannin osada. Da asuba uwa ko babbar 'ya za ta ɗauki jarkoki ta nufi famfon unguwa, wanda a wurare da dama sai an sa kati mai kuɗi yake zubo da ruwa. Da wannan ruwan za a dafa, a yi wanki, a ɗumama a yi wa yara wanka kafin makaranta, a ƙasar da ruwa ke daskarewa a cikin bokiti lokacin hunturu. Ranar da katin ya ƙare sai rafi ko rijiyar da ba a tabbatar da tsabtarta ba, daga nan kuma gudawa da ciwon hanta. Ɗumama ɗaki sai da itace, daji kuma yana da masu shi. Wanda aka kama da ɗaurin itace tara ce, in ya kasa biya ta zama bashi. Maigida yana buga-bugarsa: yau leburanci a wurin gini ba takardar ɗauka, gobe jari-bola, in kaka ta yi a shiga daji tsintar lemar kwaɗi irin wadda ake ci da 'ya'yan itace a sayar a bakin titi. Kuɗin tallafin gwamnati na zuwa sau ɗaya a wata, kuma ba ya kai wa ƙarshen watan. Rayuwar hannu baka hannu ƙwarya ce, babu ajiya, babu dabba a turke, babu ɗan'uwa mai albashi da za a ruga wurinsa, domin dangin duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Daga nan sai mai ba da bashi da ruwa ya shigo. Yaro ya kwanta rashin lafiya a mako na uku, ana bukatar kuɗin mota zuwa asibiti da na magani. Banki ba ya kallon mai wannan adireshi. Wanda zai ba da kuɗi a cikin dare shi ne mutumin unguwa, sau da yawa ɗan Roma ne shi ma, kuma ruwansa kan kai rabin uwar kuɗi ko ninkinta a wata ɗaya. Ka karɓi yuro 50, ranar biyan tallafi yana tsaye a ƙofar gidan waya yana jiran 100. Abin da ya rage ba zai kai mako biyu ba, sai a sake komawa wurinsa. Ba a kai ƙara, don gobe ma shi ne zai fitar da kai kunya. Wannan ne ya sa nake ganin kalmar talauci kaɗai ba ta ɗauke ma'anar halin da suke ciki. Talaka mai ɗan fili da akuya biyu yana iya shanye bugu ɗaya ya miƙe. Gidan da ba shi da komai a bayansa, rasuwa ɗaya ko tara ɗaya ko hunturu mai tsanani ɗaya ya isa ya jefa shi ramin da zai shekara biyar bai fito ba. A watan Fabrairun 2004, da gwamnatin Sulobakiya ta zaftare tallafin manyan iyalai, sai da aka fasa shagunan abinci a garuruwa irin su Trebišov, gwamnati ta tura 'yan sanda da sojoji.

Bashin hukuma ma yana da nasa tarkon. A Jamhuriyar Cek da Sulobakiya, tarar motar haya ko kuɗin shara da ba a biya ba kan kumbura da kuɗin lauya da na masu karɓar bashi har ta ninka sau da yawa. Ranar da mutum ya samu aiki na takarda, daga albashi za a fara cirewa. Sai ya ga gara aikin bayan fage da ake biyansa a hannu, wanda ba shi da inshora ba shi da fansho. Masu kallo daga nesa sai su ce ba ya son aiki.

Makaranta ce ya kamata ta tsinka wannan igiya, amma a wurare da yawa ita ke ƙara ɗaure ta. Yaron da ya tashi da harshen Romani a gida, bai taɓa shiga ajin rainon yara ba, sai a yi masa gwajin basira da harshen da bai iya ba, a ce yana da raunin ƙwaƙwalwa, a tura shi makaranta ta musamman mai sauƙaƙan darussa. Wanda ya fito daga can ƙofar babbar sakandare ta rufe masa. Yara 18 daga birnin Ostrava sun kai Jamhuriyar Cek ƙara kan haka, kuma a Nuwambar 2007 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta ba su gaskiya. Shaidar da aka gabatar ta nuna cewa a Ostrava yiwuwar tura ɗan Roma irin wannan makaranta ta ninka ta sauran yara sau 27. Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin iyalan da suka yi ƙaura zuwa Ingila bayan 2004, garuruwa irin su Sheffield da Bradford: yara da dama da aka yi wa tambarin rauni a gida sun zauna a aji ɗaya da kowa, da sabon harshe, suka yi karatunsu. Duk da hukuncin kotu, binciken 2021 ya samu fiye da rabin yaran Roma suna makarantun da duka ko akasarin ɗalibansu 'yan Roma ne, kuma a 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta maka Sulobakiya a kotun Tarayyar kan wannan wariya. Kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na matasansu ke kammala babbar sakandare.

Wanda ya daure ya gama karatun ma bai tsira ba. An yi gwaji a Sulobakiya da Jamhuriyar Cek inda aka aika wa kamfanoni takardun neman aiki iri ɗaya, sunan kawai aka sauya. Mai sunan da ke nuna ɗan Roma ne ya fi ƙarancin samun kira nesa ba kusa ba. A 2021 kashi 43 cikin 100 na 'yan Roma masu shekarun aiki ne ke da aikin biya, a mata kuwa kashi 28. Abin da gwamnatoci suka fi bayarwa shi ne aikin gayya na ƙaramar hukuma, shara da yankan ciyawa, wanda a Hangari ladansa bai kai mafi ƙarancin albashi ba, kuma magajin gari ne ke zaɓen wanda zai samu.

Akwai masu cewa al'adarsu ce ta jawo musu. Ba zan ce komai lafiya lau yake a cikin unguwannin ba. Ana aurar da 'yan mata da wuri a wasu al'ummomin, ana cire su daga makaranta, masu cin bashin da ruwa 'yan gida ne, kuma maƙwabcin da aka kwashe masa dankali a lambu yana da haƙƙin yin fushi. 'Yan Roma masu fafutuka, musamman mata, sun fi kowa faɗin haka. Amma bayanin al'ada ya kasa amsa tambayoyi biyu: me ya sa mutanen nan suka yi shekara 40 suna tashi da asuba zuwa masana'anta lokacin da akwai aikin? Kuma me ya sa ɗan Roman da ke zaune a tsakiyar gari cikin sauran jama'a ya fi na bayan gari karatu da samu, alhali harshensu da al'adarsu ɗaya? Uban da ya ga yayan yaro ya gama makaranta ya dawo yana tsintar ƙarfe, da wuya ka gamsar da shi cewa ƙanin ya ƙara shekara huɗu a aji.

Ba a rasa shirye-shirye ba. An yi shekaru goma na shigar da 'yan Roma cikin al'umma daga 2005 zuwa 2015, Tarayyar Turai ta fitar da tsari a 2011, ta sake wani a 2020 mai wa'adin 2030, an kuma ware kuɗi masu yawa. Sai dai kuɗin Tarayyar Turai ba ya isa unguwa sai ta hannun ƙaramar hukuma, kuma sai ita ta nema. Kuɗin bututun ruwa ba ya kashuwa a filin da ba a tantance mai shi ba. Da yawa daga abin da aka kashe ya tafi a tarurruka da horaswa na 'yan watanni, waɗanda ke ƙarewa ranar da aikin ya ƙare.

Inda aka ga canji na gaske, da ƙasa da aiki aka fara. A ƙauyen Spišský Hrhov na gabashin Sulobakiya, magajin gari na wancan lokaci Vladimír Ledecký ya kafa kamfanin ƙaramar hukuma da ke yin tubalin daɓe da aikin gini da na katako, ya ɗauki 'yan Roma aiki da albashi, aka daidaita takardun filaye, yara suka shiga makaranta ɗaya da kowa, har mutane daga wasu garuruwa suka riƙa zuwa neman fili a ƙauyen. A Rankovce, kusa da birnin Košice, an bi wata hanya: iyali su yi shekara guda suna ajiye ɗan abu kowane wata, sannan a ba su ƙaramin rance na kayan gini, su gina gidan da hannunsu bisa jagorancin magini, a filin da ke da takarda da sunansu. Mutumin da ya koyi ɗora bulo a gidansa yakan samu aiki da wannan hannun daga baya, kuma yaron da ke da famfo da teburin karatu ba ya zuwa aji da kunyar kayan jikinsa.

Irin wannan yana bukatar magajin garin da zai yarda ya yanka wa 'yan Roma fili a cikin gari, kuma masu zaɓensa su bar shi. Nan ne abin ke tsayawa a mafi yawan wurare, domin da an ji maganar fili sai maƙwabta su fara tattara sa hannu na ƙin yarda. A Ostrovany, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Jarovnice, mazauna sun yi ƙorafin ana musu sata a lambuna. A 2009 ƙaramar hukumar ta ɗauki kuɗin jama'a kimanin yuro 13,000 ta gina katangar siminti mai tsawon mita 150 tsakanin gidajensu da unguwar 'yan Roma, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen ƙauyen.